Ruwan zafi da ɗumin ɗaki a sabon gida: ka yanke shawara tun kafin a yi filasta

Duk wanda ya taɓa tashi ƙarfe 5 na asuba a watan Janairu a garin nan na Kaduna ya murɗa famfo zai yi alwala ya san abun da nake nufi, ruwan kamar daga firiza aka ɗebo shi, yatsu su ƙage, yara kuma in ka ce su shiga wanka kafin makaranta sai an yi kamar za a yi dambe. Shekara da shekaru a gidan haya a Tudun Wada haka muka yi ta fama, in akwai wuta a tsoma hita a bokiti, in babu a ɗora tukunya kan gas, in gas ya ƙare a hura gawayi. Da Allah ya hore na fara nawa ginin a hayin kogi wajen Millennium City sai na ce wannan karon ba zan tare ba sannan in dawo ina neman dabara. Duk da haka sai da na yi kuskure biyu da suka ci min kuɗi, zan faɗe su in an zo wajen.

Maganar gaba ɗaya dai ita ce tun ran gini tun ran zane. Irin hitar da za ka sa ita za ta gaya maka inda fayif zai bi, kaurin wayar da za a ja zuwa bayi, tsawon ƙarfen tankin ruwa, har ƙarfin katakon rufi. In ka bari sai an yi filasta an manna tayil sannan ka tuna da ruwan zafi, to ko dai a fasa bango ko a bi da fayif ta waje gida sabo ya koma kamar gidan haya.

Da farko ka san irin sanyin da kake yaƙi da shi. Namu na Kaduna na wata uku ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma na dare ne da safiya, a Disamba da Janairu ma'auni kan sauka wajen digiri 14 ko 15 kafin gari ya waye, wani lokacin ƙasa da haka, amma da azahar sai ka ga ya koma kusan 30 kana neman cire rigar sanyi. Mutanen Zariya sun ɗan fi mu shan sa, na Jos kuwa ba a magana. Sannan Maris da Afrilu su zo da zafin da ya haura 35. To kaga irin abun da ake gani a bidiyon gidajen Turai, tukunyar ɗumama gida da bututu a ƙarƙashin daɓe da ƙarafa jikin bango kowane ɗaki, ba namu ba ne, kuɗi ne za ka binne don dare 60 ko 70. Abu ɗaya da na ɗauka daga wajensu shi ne tunanin da Jamusawa suka zo da shi a gidan da suka gina a garin Darmstadt a 1991, wato a gyara jikin ginin yanda zai riƙe ɗuminsa da kansa har ya zama hitar da ake buƙata 'yar mitsitsiya ce. Mu ma ai kakanninmu sun san wannan, duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa na azara ya san da hunturu ɗumi gare shi da bazara kuma sanyi, kaurin bangon ne yake shan zafin rana ya riƙe sai dare ya sake shi a hankali.

Don haka hitarka ta farko rufi ne. Kwano, ko na da ne ko dogon nan na alminiyom, da rana yana gasa ka da dare kuma shi ne farkon yin sanyi, silin ɗin POP ko na roba shi kaɗai ba ya tare komai sosai. A shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano tun lokacin rufi, ita maganin zafin bazara ce, kuma a bar mata 'yar tazara ta iska, in an manne ta ba ta aiki yanda ya kamata. Sannan a kan silin a shimfiɗa audugar gilashi ko farin soson nan mai kauri kamar santimita 5, wannan shi ne bargon gidan, shi ke hana ɗumin ɗaki guduwa sama da dare. In farin soson ne ka gaya wa mai wayarin ya nisanta shi da waya da kan fitila don yana kama wuta. A 2017 ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje ta tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin lantarki, a ciki akwai maganar sa abun tare zafi a rufi da kuma cewa taga kar ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi mata inuwa, amma ka tambayi birkila goma da wuya biyu sun taɓa jin labarin.

Taga kuma, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ita ke kawo ƙurar da sanyin tare. Luba ta gilashi ko an rufe ta iska na shiga, mai zugewa ta alminiyom ma in aikin araha ne akwai kafa ta ko'ina. Wadda ake turawa waje mai roba a baki ta fi kama jiki. Gwaji mai sauƙi, in ka share ɗaki da safe ka rufe taga ka dawo da yamma ka tarar da jar ƙura a kan tebur, to ta inda ƙurar ta shigo ta nan ɗuminka ke fita. Ƙasan ƙofa ma a sa mata roba. In filinka ya ba da dama dogayen ɓangarorin gidan su kalli kudu da arewa, a rage taga ta yamma, don a Disamba rana ta kudu take karkata ɗakin da ke can zai ɗan sha hantsi, ranar yamma ta bazara kuma ba za ta dafa ku ba. Tayil kuwa sanyi gare shi ba yanda za a yi, darduma ko kafet a ɗakin kwana ya wadatar, in bazara ta zo a naɗe.

In an yi waɗannan, abun da ya rage da gaske ruwan zafi ne, kuma nan ne wutar gida take tafiya ba tare da mutane sun lura ba. Lissafin ba wuya. Kafin ka ɗaga zafin lita 1 na ruwa da digiri 1 sai ka kashe wat 1.16 na awa guda, ko da me ka dafa shi, wannan ba ya canzawa. Bokitin wanka lita 20, a ce ruwan tanki da asuba yana digiri 18 kana so ya kai 40, wato ƙarin 22, in ka buga 20 sau 22 sau 1.16 za ka samu kusan 510, rabin yunit kenan a mita. Gidana mu 8 ne har da Hajiya mahaifiyata, bokiti 8 yunit 4 kullum, a wata yunit 120, ba a sa alwala da wanke-wanke da wankan jariri ba. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kai kuɗin yunit na 'yan Band A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, naira 225, daga baya ya dawo wajen 209, ko da wannan ka lissafa yunit 120 ya kai naira dubu 25 a wata a kan wanka kawai. In kuma unguwarku ba Band A ba ce kuɗin ya fi sauƙi amma matsalarka ta zama wata, ƙarfe 5 na asuba da ake buƙatar ruwan ba lallai akwai wutar ba.

Kafin ka je kasuwa ka zauna da uwargida ku ƙirga bokiti, ita ta fi ka sanin nawa ake dafawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ka tuna ruwan da ya kai digiri 60 sirka shi ake yi kusan rabi da rabi, wato bokiti ɗaya lita 10 zuwa 11 na mai zafin yake ci.

Ni dai abun da na sa kuma nake ba kowa shawara in da hali shi ne hitar rana. Ba sola mai faranti da batir nake nufi ba, mutane na yawan haɗa su, wannan ba ruwanta da lantarki. Tanki ne a kwance a sama da bututan gilashi baƙaƙe jere a ƙarƙashinsa, kowane bututu gilashi biyu ne an zuƙe iskar tsakaninsu kamar filas ɗin shayi, rana ta buga ruwan ciki ya yi zafi ya hau sama da kansa mai sanyi ya sauko, haka zai ta zagayawa har yamma ba famfo ba inji. Yawancinsu daga Chana ake kawowa, can ne aka fi ko'ina amfani da su a duniya. Akwai kuma mai shimfiɗaɗɗen faranti da bututun jan ƙarfe a ciki, ta fi jure jifa da ƙwallon yara amma ta fi tsada. A ƙa'ida bututu ɗaya na ɗaukar nauyin wajen lita 10, mai lita 150 za ka ga bututu 15, mai 200 kuma 20. Ga gida mai mutum 8 lissafi zai ce lita 90 ya isa amma kar ka yarda, ruwan da rana yake zafi ku kuma da asuba kuke so, zai kwana ya ɗan huce, sannan wani zai yi wankan dare ya ɗiba ruwan sanyi ya shiga ya sirka sauran. Ka ninka. Ni 200 na sa kuma ban taɓa cewa ya yi yawa ba.

Wajen kafawa ga abubuwan da za ka tsaya a kansu da kanka. Ta kalli kudu, saboda Kaduna tana wajen digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya kuma a watannin sanyi rana ta kudu take bi, kar mai haɗawa ya juya ta inda ya fi masa sauƙin hawa. Ka duba kar inuwar tankin ruwa ko mangwaron maƙwabci ta faɗa mata daga hantsi zuwa la'asar. Nauyi kuma, lita 200 kilo 200 ne, ga tankin ga ƙarafa ga gilashi, abun ya doshi kilo 300, ba a ɗora wannan a kan katakon da kafinta ya yi don ɗaukar kwano kawai. Ko a zuba ɗan dakin na kankare a saman bayi ko kicin, ko a yi mata nata ƙarfen daban, shi ya sa nace tun a zanen gida ake maganar.

Kuskurena na farko nan yake. Irin hitar da ta fi yawa a kasuwa mara matsi ce, wato ruwa daga babban tankinka yake gangarowa cikinta, don haka dole gindin babban tankin ya fi saman hitar tsawo. Ni kuma na riga na sa an yi min ƙarfen tanki a kasuwar Panteka tun ana bulo, ban yi wannan tunanin ba. Ranar da mai haɗawa ya zo ya ɗaga kai ya kalli tanki ya kalli rufi sai ya ce "Alhaji wa ya ba ka wannan awon? Ai ruwa ba ya hawa tudu." Na ce to yanzu ya za a yi malam, ya ce ko a ƙara ƙafa ko a sayi ƙaramin famfo mai turawa. Sai da aka sauke tanki aka kira mai walda aka ƙara tsawo. Ka riƙe wannan, duk mita 10 na tsawo shi ke ba da matsin "ba" 1 (bar, ma'aunin matsin ruwa), yawancin tankunanmu na gida mita 4 zuwa 6 ne, wato wajen rabin "ba", kuma wannan lambar za ta sake dawowa a maganar sauran hitocin.

Raunin hitar rana guda biyu ne, ƙura da hadari. Lokacin da ka fi buƙatarta shi ne lokacin da hazo ke rufe gari ƙura ta kwanta a kan gilashin, don haka duk sati da hunturu a hau a goge da tsumma mai laima, da sassafe ko bayan magariba, ba da tsakar rana ba. A yi mata wajen hawa mai kyau tun farko in ba haka ba babu mai gogewa. Sannan ranakun da hazo ya yi kauri har jirgi ya kasa sauka, da kuma marka ta watan Agusta da ake kwana uku ba a ga rana ba, ruwan ɗumi-ɗumi kawai zai yi. Maganin wannan ka sayi wadda ke da wajen sa elimen na lantarki a tankin, yawanci wat 1500, a ja masa makunni zuwa cikin gida, ka kunna ranar da ake buƙata kawai. Wani abu kuma da ba a faɗa wa mutane, in ruwa ya ƙare bututan suka wuni a rana babu komai ciki, kar a sake musu ruwan sanyi sai dare ko asuba, gilashin ya yi zafi fiye da tunani zai iya tsagewa nan take. Ka sayi bututu 2 ko 3 na ajiya tun ranar farko.

Da bazara kuwa ruwan yana kusan tafasa. Ruwa mai digiri 60 ma cikin 'yan daƙiƙu yake saluɓe fata balle na yaro ko tsoho, don haka a sa bawul mai sirkawa a bakin fita wanda zai haɗa da na sanyi ya sauko da shi ƙasa da 50 kafin ya iso famfo. Kuɗinsa kaɗan ne, masu haɗawa da yawa ba sa sawa sai ka nema.

In kuɗin hitar rana bai samu ba yanzu, hitar lantarki mai tanki ta jikin bango ita ce ta biyu, mai lita 15, 30, 50 har 100. Mai lita 50 da elimen wat 1500 tana ɗaukar kusan awa ɗaya da rabi ta kai ruwa digiri 60, ta ci yunit 2 da ɗan wani abu, amfaninta shi ne tana riƙe zafi, in an kawo wuta ƙarfe 11 na dare ta dafa, da asuba ko an ɗauke akwai ruwa. Mai lita 15 rabin awa ta gama amma mutum ɗaya da rabi take yi wa. Ka bar tamostat, wato abun saita zafin, a 60, ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta na iya zama a tankin, sama da haka kuma ɓarnar wuta ce da tara farin dutse a jikin elimen. Akwai ɗan bawul a bakin shigar ruwa da yake ɗiga lokaci-lokaci, aikinsa kenan, yana rage matsi ne, na taɓa ganin gidan da mai aikin famfo ya toshe shi wai yana ɓata tayil, wallahi wannan bam ya haɗa musu. A ja masa siririn tiyo zuwa magudana shikenan. Kuma dole wayar atin ta gaske, mai kai wutar da ta zuba ƙasa, da sandar jan ƙarfe a ƙasa, da birekar nan mai yanke wuta in ta fara zuba, mai lamba 30mA. Mutum a tsaye cikin ruwa ba takalmi, ba wajen tsimin kuɗi ba ne.

Hita mai dafawa nan take, 'yar ƙaramar nan da ake maƙalawa kusa da shawa, tana da kyan gani kuma ba ta ajiye ruwa balle ya huce, amma a yanayinmu ban cika sonta ba. Mai wat 3500 in ruwa na zuba lita 4 a minti ɗaya digiri 12 ko 13 kawai za ta ƙara masa, ruwan 18 ya zama 30, da Janairu wannan ba ruwan zafi ba ne. Wadda za ta yi aikin sosai wat 7000 ce zuwa sama, tana jan amfiya 30, sai waya mai kauri 6mm ita kaɗai daga allon wuta, in wuta ta zo ba ƙarfi ta zama kwalliya, janareta ƙarami ba zai ɗauka ba, kuma wasu ba sa tashi ma in matsin ruwa bai kai ba. Mai Band A da ɗakin baƙi da ba a cika shiga ba, to, ta yi.

Ta gas ma nan take take dafawa kuma ba ruwanta da Nepa, batir ɗin tocila biyu ke kunna ta. Kilo 1 na gas yana ba ruwa zafin da ya kai na yunit 10 na lantarki ko kusa da haka, wato silinda mai kilo 12.5 za ta yi wa gida irin nawa kusan wata guda in wanka kawai ne, sai ka kwatanta da farashin gas na ranar. Sharaɗinta ɗaya ne kuma ba sassauci, ba a sa ta cikin bayi. A waje, jikin bango, a yi mata 'yar rumfa da bututun hayaƙi, silinda ma a waje. Ita ma tana son matsin ruwa kafin ta kama.

Akwai kuma hita mai kwamfreso, wadda take aiki kamar firij da aka juya, tana zuƙo zafin iskar waje ta zuba a ruwa, yunit 1 na wuta ya ba ka zafin yunit 3 ko fi, yunit 4 ɗin nan namu ya dawo ɗaya da rabi. Iskarmu da rana mai ɗumi ce ko da hunturu don haka ta dace da mu sosai, ta gida ba ta kai wat 1000 ba sola na ɗaukarta cikin sauƙi. Matsalar tsada da kuma mai gyara, kafin ka saya ka tabbata akwai mai gyaran esi a gari da ya taɓa buɗe irinta.

Tunda an zo maganar sola, don Allah kar ka ɗora duk wani abu mai elimen a kan batir da dare. Batir lityom mai yunit 5 da ka sayar da fili ka saya, hita mai wat 2000 za ta shanye shi cikin awa biyu da rabi, na ruwa mai 200Ah kuwa yunit 2.4 ne a rubuce kuma rabi ake so ka taɓa. Ka gaya wa mai wayarin layin hita da na dutsen guga su zauna daban da layin inbata. Dabarar da ke aiki ita ce ta rana tsaka, in farantanka sun kai wat 3000 zuwa sama kuma inbata babba ce, wajen ƙarfe 12 batir ya cika wutar da ke saukowa zaman banza take, sai a sa taima ta kunna hitar tanki daga 12 zuwa 2, ruwan ya kwana da zafinsa. Wanda ya riga ya kashe kuɗi a babbar sola wannan zai iya isarsa ba sai ya sayi hitar rana ba.

Kuskurena na biyu fayif ne. Bayin yara na ce a bar shi da layin sanyi kawai wai za su riƙa ɗiba daga namu, hunturun farko uwargida ta ce "Abban yara wannan jigilar bokiti da ruwan zafi ta tsakar falo fa ba za ta yiwu ba, wata rana sai an ƙona wani." Gaskiyarta, aka fasa tayil sabo fil, kuma ba a samu irin kalarsa ba har yau akwai layi ɗaya da ya bambanta. Ka ja layin zafi zuwa kowane bayi da kicin da wajen alwala ko da ba ka da kuɗin hitar yanzu, a toshe bakin a bari. Fayif ɗin ya zama PPR, koren nan da ake haɗawa da injin zafi, kuma mai layi ja a jiki na ruwan zafi, farin PVC na gam laushi yake in ruwa ya kai 60. Wanda ya bi ta waje ko cikin silin a sa masa rigar soso irin ta bututun esi. Sannan a zane a tara bayuka da kicin kusa da juna, fayif mai mita 15 yana riƙe da lita 2 zuwa 3 na ruwan da ya huce, kullum sai ka zubar da shi kafin mai zafi ya iso, a unguwar da ake tayar da janareta a ja ruwan bohol wannan asara biyu ce.

Saura ɗumin ɗaki. In rufi da taga sun yi kyau yawancin mutane bargo ya ishe su, masu buƙata su ne tsofaffi, jarirai, masu jego da masu ciwon sikila ko asma da sanyi ke tayar musu. Ɗaki ɗaya ko biyu kenan, ba gida duka ba. Duk hitar ɗaki ta lantarki, mai fanka ce, mai jan haske ce, mai mai a ciki ce, yunit 1 zafin yunit 1 take bayarwa, kar mai shago ya ce maka wata ta fi tsimi, bambancin yanda suke sakin zafin ne. Mai fanka wat 2000 take ja ga busar da maƙogwaro a iskar da dama a bushe take. Mai jan haske kowace sanda wat 400, tana gasa wanda ke gabanta kawai, ta yi wa zaman lazimi bayan asuba amma ba a barci a bar ta kusa da labule ko gidan sauro. Mai mai a ciki ita ta fi dacewa da ɗakin tsoho, a hankali take ɗumi ba ta da wuta a fili. Soket ɗinta na bango ya zama mai kyau, ba a jona ta a doguwar waya ta 'yan tebur. Bargon lantarki kuwa ƙasa da wat 100 yake ci, shi kam ko inbata ta ɗauka, a ɗumama gado da shi kafin a kwanta. In za ka sayi esi dama, tambayi mai yin zafi da sanyi, shi ma yunit 1 zafin 3 yake bayarwa, amma yawancin na kasuwarmu sanyi kaɗai suke yi, alamar rana a jikin rimot ba hujja ba ce don rimot ɗaya suke yi wa kala da yawa, a duba takardar jikin injin.

Kaskon gawayi ne ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma a sabon gida ya fi haɗari fiye da tsohon. Gawayi na fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu, mutum ya fara da ciwon kai da jiri da kasala sai barci ya ɗauke shi, shikenan. A gidan da, mai luba da ƙofa mai kafa ta ko'ina, iska na shiga tana rage ta, kai kuma yanzu ka sa roba ka toshe ko'ina. Hajiya ta saba da kaskonta tun muna yara, satin farko da muka tare na shiga gaishe ta da asuba na tarar da shi a gefen gado ƙofa a rufe tana cewa kanta na sarawa. Na buɗe taga na fitar da shi, ta ce "kai ni da nake jin ɗumin nan tun ba a haife ka ba." Na ce ki yi haƙuri Hajiya, wancan ɗakin yana numfashi wannan ba ya yi. Yanzu a baranda take jin ɗuminta da jikoki, in za ta kwanta a cika mata robar ruwan zafi a naɗe da zani a sa a ƙafa, ga hita mai mai in sanyin ya yi tsanani. Haka janareta, nesa da taga, ba a koridon da aka rufe ba.

Ranar da mai aikin famfo ya gama ja maka layuka, kafin birkila ya taɓa siminti, a cika fayif ɗin da ruwa a toshe a bar shi ya kwana, da safe ka bi kowace mahaɗa da hannu ka ji ko akwai laima. A nan za ka tabbatar zafi na hagu sanyi na dama a kowane famfo, don an sha juya su. Sannan ka ɗauki waya ka ɗauki hoton kowane bango da fayif da wayoyin a fili, ka sa tef ɗin awo a jiki yanda tazarar za ta fito, ka tura wa kanka da uwargida a WhatsApp. Ranar da za a huda bango a rataya hita ko madubi, hoton nan za a buɗe.